Munduwar Inna ba ta kilo ba ce

'Yata, saƙonki ya iso ni nan Tawa. Kin ce kin tsinci munduwar jan ƙarfe cikin kayan marigayiya Inna, masu sayen tsoffin ƙarafa a Yamai sun taya, kina tambaya ko magani ce kamar yadda tsofaffi ke faɗi, ko ki sayar.

Kada ki sayar. Su a sikeli za su ɗora ta, a narke ta a ja waya, don bayan azurfa ba ƙarfen da ya kai jan ƙarfe ɗaukar wutar lantarki. Shi ya sa ake haƙo shi ba dare ba rana a Chile, Kwango da Zambiya. Ko ƙwandalar dala biyar ta sefa da ke jakarki akwai shi a ciki.

Amma a ƙasar nan shi kansa kuɗi ne tun da. A Takedda, wadda masana ke cewa ita ce kufan Azelik can wajen Ingal, matafiyin nan ɗan Maroko Ibn Battuta ya sauka a 1353, ya tarar ana narka shi cikin gidaje ana zuba 'yan sanduna. Masu kauri 400 ne ke daidai da misƙali guda (ƙaramin ma'auni ne) na zinariya, sirara 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri gero da man shanu, ayari kuma ya kwashi saura zuwa Gobir da Barno. To mace in ta sa munduwa, dukiyarta ce a hannunta, ba mai taɓa mata sai ranar da gari ya yi zafi. Inna ta ga yunwar 1973 da ta 1984, akuyoyinta suka ƙare, wannan kuwa ba ta cire ba.

Zancen magani, akwai gaskiya akwai ƙari. Misirawan da can suna sa shi a miki, likitoci ma sun tabbatar ƙwayoyin cuta ba su daɗewa a kansa. Sanyin ƙashi kam, Inna ta sa ta shekara da shekaru, gwiwarta ba ta bar ciwo ba. In taki ta dame ki, ki tafi likita. Kuma kada ki bar nono ko tsamiya su kwana cikin tasar jan ƙarfe, wannan tsanwan da ke fitowa guba ne.

Ki goge ta da lemun tsami da toka, ki naɗe a ƙyalle. In kin zo salla ki taho da ita, in nuna miki inda maƙerin ya sa shaidarsa. Ki gaida maigidanki da yara.