Brilliant: Haske Ne Ko Hazaƙa?

Wata uwa ta rubuto daga Gusau tana cewa malamin ɗanta ya rubuta masa "brilliant" a takardar sakamakon jarrabawa, ta duba ƙamus ta ga an ce "mai tsananin haske". Tana tambaya, ina ruwan yaro ɗan aji huɗu da haske?

Hajiya, ƙamus bai yi ƙarya ba. Turawan Ingila sun ari kalmar daga Faransanci a ƙarni na 17, kuma da farko abin da ke ɗaukar ido suke kira da ita, kamar lu'ulu'u ko rana tsaka. Daga baya suka ɗora ta a kan mutum mai ƙwaƙwalwa. Abin da malam yake nufi ke nan: ɗanki haziƙi ne. Allah ya ƙara masa basira.

Amma a kula wajen fassara, domin Bahaushe bai tara haske a kalma ɗaya ba. Haske na abin da ke ba da shi da kansa ne, rana ko fitila. Ƙyalli na aro ne, irin na madubi ko sabon kwano idan rana ta doke shi. Sheƙi kuwa daban yake, kuma shi na fi so. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu bugu a garin Kura na jihar Kano ya san shi: su shimfiɗa baƙin rawani a kan gungume, su yi ta dukansa har shuni ya kwanta, ka ɗaga shi ka ga yana ɗaukar ido, ka taɓa ya bar maka baba a yatsa. Annuri, wanda muka aro daga Larabci, mun fi ba fuska. Ƙyalƙyali kuma sau da yawa da raini a cikinsa, shi ya sa ake cewa ƙyalƙyal banza.

Ko ɗaya daga cikinsu ba za ki kira yaro da shi don ya ci jarrabawa ba. Mu da kaifi muka fi auna hankali, mu ce mai kaifin basira, ko mu ce kansa na ja. Duk da haka ba mu rasa hasken ba, tunda jahilci duhun kai muke ce masa, wanda ya ilmantu kuma mu ce kansa ya waye, kamar yadda gari ke wayewa.