Tambaya da Amsa: Ta yaya zan auna sauyin zuciyar mutum daga safiya zuwa dare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Marwa ta Kamaru, ina shekarar ƙarshe. Aikin da zan rubuta a kan mata masu sayar da abinci ne a bakin kasuwa. Ina so in san yadda zuciyarsu ke sauyawa a cikin yini, yaushe suke cikin walwala, yaushe ransu ke ɓaci. Malamin da ke duba aikina ya ce in zaɓa: ko in yi musu tambayoyi sau ɗaya, ko in ba su littafi su riƙa rubutawa, ko in riƙa kiransu a waya. Kuɗina kaɗan ne, kuma wata biyu gare ni. Wacce hanya kuke ganin in bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'a. Na ji daɗin wasiƙarki, domin matan nan kowa na cin abincinsu, amma da wuya ki ga wanda ya tsaya ya tambaye su yadda suka yini.

Bari in fara da yayata. Shekara da shekaru tana suyar ƙosai a nan Garwa, kuma na sha zama a bencinta tun da asuba. Da ƙarfe bakwai za ki same ta tana raha da 'yan makaranta, mai na ƙara a kasko, kuɗi na shigowa. Wajen goma da rabi rana ta ɗaga, hayaƙi ya cika mata ido, wani ya miƙo jaka biyar don ƙosan sefa ɗari, babu canji, an yi cacar baki har tana cewa gobe ba za ta fito ba. Da la'asar wata da ta daɗe da cin bashinta ta aiko da kuɗin. Idan kika je bayan isha'i kika ce, "Yaya, ya kasuwa yau?" za ta ce, "Alhamdulillahi, yau kam sai godiya." Gaskiya ta faɗa. Amma ɓacin ran hantsi ya ɓace daga lissafi, shi kuwa kike nema.

Don haka tambayar sau ɗaya ki ajiye ta. Tana da amfani ga mai son sanin yadda mutum ke kallon rayuwarsa gaba ɗaya, amma ba za ta nuna miki hawa da sauka ba. Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun gwada wannan a 1993. Sun sa mutane su tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60. A wani zagayen aka yi daƙiƙa 60 ɗin, sannan aka ƙara 30, ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, ko da yake wahalarsa ta fi yawa, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Abin da zuciya ke riƙewa shi ne wurin da abu ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare. Kuɗin la'asar ɗin yayata ke nan.

Littafin rubutawa kuwa, ni kaina na ga ƙarshensa. Na taɓa yi wa wata ƙungiya aikin tattara bayanai a ƙauyukan gefen Binuwai. Muka raba takardu, muka ce a cika kullum, za mu dawo bayan mako biyu. Ranar da muka koma, na tarar da wani dattijo a gindin dalbejiya, jikansa ɗan makaranta na riƙe da biro, suna cika kwana goma sha huɗu a zama ɗaya. Bai yi don ya cuce mu ba, kunya ce ta hana shi miƙo mana takarda fara. Na daɗe ina zaton halin mutanenmu ne, sai na karanta binciken da Arthur Stone da abokansa suka yi a Amurka, suka buga a 2002. Sun ba masu fama da ciwo mai daɗewa littafi su riƙa cikawa sau uku a rana na kwana 21, suka ɓoye wata 'yar na'ura a bangon littafin da ke lura da lokacin da aka buɗe shi. A rubuce, kashi 90 cikin ɗari an cika a kan lokaci. Na'urar ta ce kashi 11 ne. Waɗanda aka ba 'yar kwamfutar hannu mai rubuta lokaci da kanta sun kai kashi 94. Ki ƙara da cewa da yawa daga cikin matanki ba su yi boko ba, hannunsu kuma yana cikin mai da ƙullu.

Saura hanyoyi biyu da suka cancanci ki auna su da kyau: ta waya, da wata da malaminki bai ambata ba.

Ta farko ita ce tambayar nan take. Mihaly Csikszentmihalyi da Reed Larson ne suka raya ta a Jami'ar Shikago tun shekarun 1970. Suna ba mutum 'yar na'ura mai ƙara, ta yi kuka kamar sau takwas a rana ba tare da ya san lokacin ba, har mako guda, duk sanda ta yi kuka ya faɗi abin da yake yi da yadda yake ji a daidai lokacin. Mantuwa ba ta samun wurin shiga. Yau waya ce ke wannan aikin.

Ta biyu ita ce bitar jiya, wadda Kahneman da Stone da wasu suka fitar a 2004 bayan sun gwada ta a kan mata ma'aikata 909 a jihar Teksas. Ana zama da mutum, ya yanka jiyansa gunduwa-gunduwa: tashi, hanya, aiki, cin abinci, hira. Kowane yanki ya faɗi da wa yake, kuma yaya ya ji. A can sun ga tafiya wurin aiki da safe na cikin lokutan da matan suka fi ƙi, kuma wadda ba ta yi barci mai kyau ba yininta duka yakan lalace. Zama ɗaya ne, kusan awa guda, babu kuɗin kati. Na san za ta burge ki saboda arha.

Amma ki ji wannan. Richard Lucas da abokansa sun gwada hanyoyin biyu a kan mutane ɗaya, suka buga a 2021. Idan ana neman wane ne ya fi wani yawan farin ciki a dunƙule, hanyoyin sun yi kusa da juna ƙwarai. Idan kuwa ana neman yadda mutum ɗaya ya sauya daga wannan sa'a zuwa waccan, daidaituwarsu ta ragu sosai. Dalili a fili yake: mai tuna jiya yakan faɗi yadda ya saba ji a irin wannan lokaci. Ki tambayi yayata yadda ta ji jiya da hantsi, za ta ba ki labarin hantsin kowace rana. Ke kuma sauyi kika ce kina nema, saboda haka waya ce hanyarki.

Kada ki kwashi mata da yawa. Ashirin sun isa. Ki raba su biyar-biyar, kowane rukuni mako ɗaya, kira huɗu a rana. Kira 20 ke nan a yini, 560 a mako huɗu, kuma za ki iya shi ke kaɗai. Ki tabbata makon ya haɗa da Litinin, ranar da kasuwar Marwa ke cika, da kuma ranakun da ciniki ke sanyi. Kowane kira kada ya wuce minti biyu, domin mai abinci da mutane a gabanta ba za ta tsaya miki ba. Wadda ke da WhatsApp ta aiko da saƙon murya, shi ma yana zuwa da lokacinsa a jiki. Kiran da ba a ɗauka ba ki rubuta shi, kada ki cike gurbin da daddare. Sau da yawa lokacin da ta kasa ɗauka shi ne lokacin da ta fi shan wuya, kuma dole ki faɗi haka a aikinki.

Za a ba ki shawara ki ɗaura kiran a kan lokutan salla tunda kowa ya san su. Akwai sauƙi a ciki, amma ni ban goyi baya ba. Wadda ta yi alwala ta idar da salla ta zauna, hankalinta ya ɗan kwanta, za ki riƙa kama ta kullum a lokacin sanyin zuciya. Ki raba yinin kashi huɗu, ki riƙa sauya sa'ar kira a cikin kowane kashi.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmomin. Idan kika ce "Ya kike?" amsar "Lafiya lau" ce, ko da gidan na cin wuta. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma matan da za ki yi wa magana da Fulatanci "Jam" za su ce miki, ga kunya da haƙuri da aka san su da shi. Kada kuma ki ɗauko jerin kalmomin Faransanci ki juya su kai tsaye. A wurinmu haushi daban, takaici daban, damuwa daban, gajiya kuma daban. Ki zauna da mata uku ko huɗu tun kafin ki fara, ki ji kalmomin da su da kansu ke faɗa, ki tsayar da biyar ko shida. Ranar farko ki je da ƙwayar wake biyar, ki zuba a faranti, ki ce, "Inna, in haushin da kike ji yanzu wake ne, guda nawa ne?" In ta gane a faranti, za ta gane a waya.

Ki nemi yardarsu a fili, wadda ke da aure kuma ki bar ta ta shawarci maigidanta, don kira huɗu a rana daga baƙuwar lamba na iya jawo mata magana. Ki tambaya ko wayar tata ce ita kaɗai. A ranar ƙarshe ta kowane mako ki je da kanki, ki sayi abinci, ki zauna ku yi bitar jiya tare. Za ki samu abin da kira ba ya kamawa, kamar dalilin da ya sa waken haushi ya tashi daga ɗaya zuwa biyar ranar Laraba, kuma za ki iya ɗora amsoshin hanyoyin biyu gefe da gefe ki nuna wa malaminki inda suka rabu.