Darbejiyar maƙwabci ta tare mini rana, me doka ta ba ni?

Wani bawan Allah daga Kano ya rubuto mini: "Barista, na kashe kuɗi na sa sola a rufin gidana. Maƙwabcina ya dasa darbejiya shekara shida da suka wuce, bayan na riga na gina katangata. Yanzu daga ƙarfe biyu na rana inuwarta take rufe farantan sola, batir ba ya cika. Rassanta sun tsallako, ganye ya toshe indararo, katanga ta fara tsagewa. Da nakan hango Dutsen Dala daga bene, yanzu sai ganye. Na yi masa magana sau biyu, ya ce bishiyarsa ce a cikin gidansa. Wani ya ce in zuba mata baƙin mai a gindi cikin dare."

Malam, don Allah ka ajiye maganar baƙin mai. Ranar da bishiyar nan ta bushe, kai ne na farko da za a nuna. Lalata dukiyar wani laifi ne a kundin dokar laifuka na Penal Code, haka ma haura katangarsa ba izini. Kai da aka cutar sai ka koma mai amsa tambaya a gaban 'yan sanda.

Abin da ya fi ƙona maka rai, wato inuwar, a nan ne hujjarka ta fi rauni. Gara in faɗa maka tun yanzu kafin ka yi asarar kuɗin shari'a. Idan ku biyun Musulmi ne kuka je kotun shari'ar Musulunci, da fiƙihun Malikiyya za a yi muku hukunci. Muhtasar Halil, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, ya fayyace cewa ba a hana mutum abin da ya yi a cikin mallakarsa don kawai ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska, in ban da masussuka, wadda aikinta ba ya yiwuwa sai da rana da iska. Tuhfa ta Ibn Asim, ita ma littafin fiƙihun Malikiyya ce wadda alƙalanmu suke yawan komawa gare ta, ta ce maƙwabci ba shi da ta cewa a kan tsawon bishiyar da take cikin gidan mai ita. Lauya mai himma zai iya kwatanta sola da masussuka, tunda ita ma da rana take aiki. Kwatancen yana da ma'ana a wurina, amma ba zan ce maka ka jingina ƙararka da shi kaɗai ba.

Babbar kotun jiha ma ba za ta fi tausaya maka a wannan gaɓar ba. Dokar da muka gada daga Ingila, tun wata shari'a da aka yi a can a 1610, ta ɗauki hangen nesa a matsayin abin jin daɗi, ba haƙƙi ba. Dala kam sai dai haƙuri. Haƙƙin haske da dokar Ingila ta 1832 ta sani kuwa na tagar gini ne wadda ta shekara 20 tana samun haske ba yankewa.

Ƙarfinka yana ga rassa da saiwa. Sararin da yake saman gidanka naka ne, kuma Tuhfa ta ce duk reshen da ya fita daga sararin mai bishiya a sare shi daidai iyaka. Dokar Ingila ma ta yarda ka datse abin da ya tsallako, muddin kana tsaye a naka ɓangaren, kuma itacen da ka sare na mai bishiya ne, ka mayar masa. Duk da haka ni ban so ka ɗauki adda kai tsaye ba. Ka sanar da shi a gaban shaidu, a kira mai sara wanda ya san aikinsa, don sara mara kyau yana iya kashe bishiya ko ya sa ta rinjaya ta faɗa wa wani.

Batun katanga ya fi komai muhimmanci, kuma ka faɗi wata magana da wataƙila ba ka san nauyinta ba: katangarka ta riga bishiyar. Malaman Malikiyya sun bambanta a nan. In bishiya ce ta zo daga baya, ana sare duk abin da yake cutar da katanga. In kuwa katanga ce ta tarar da bishiya, akwai saɓani. Kai kana ɓangaren da babu saɓani. Sai dai kada ka yi ta jinkiri, domin a Tuhfa wanda ya ga cuta ya yi shiru shekara 10 yana gari, ba a sauraronsa bayan nan. Shida sun riga sun tafi daga ranar dashe.

A makon nan ka ɗauki hoton tsagar, ka kara tsinken ashana a jikinta don a ga faɗinta, bayan wata guda ka sake ɗauka. Ka sa magini ya tona gindin katangar ta ɓangarenka a ga ko saiwar ce da gaske, don wani lokaci ruwa ne yake cin tushe. Ka nemo wanda ya yi maka ginin da dattawan layi da suka san lokacin da aka dasa bishiyar. Sannan ka je wurin mai unguwa. In abin ya gagare shi, akwai dagaci, akwai Hisba, akwai kuma zauren sasanci na babbar kotun Kano, inda yarjejeniyar da kuka sa wa hannu za a iya mayar da ita hukuncin kotu.

A zaman sulhun kada ka nemi a sare bishiyar gaba ɗaya. Mutumin da iyalinsa suke shan inuwarta a zafin Afrilu ba zai yarda ba, kuma alƙali ba lallai ya tilasta masa ba. Ka nemi a datse rassan da suka tsallako duk shekara kafin damina, a yanke saiwar da ta taɓa tushe, ya gyara tsagar. Sannan ka roƙi alfarmar a rage mata tsawo ta ɓangaren da take tare maka ranar yamma, ka ce kai za ka biya mai sara. In ya ƙi wannan ta ƙarshe, ka tambayi wanda ya haɗa maka solar nawa zai ci a matsar da farantan zuwa ɗaya gefen rufin, ka gwada da kuɗin lauya.