Faɗuwar gaban mai ciwon zuciya: daga ciwon ne ko daga tunani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Shekara biyu ke nan da aka ce zuciyarsa ta gaza saboda hawan jini. Yana shan magani, kumburin ƙafar ya saɓe, amma yanzu gabansa ke yawan faɗuwa haka kawai, cikin dare ya farka a firgice yana gumi. Wasu sun ce tunani ne, wasu sun ce iska ce. Daga wata 'yar'uwa a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri.

A jikinmu akwai jijiyoyin da ke aiki ba da umarninmu ba. Su ke kula da bugun zuciya, gumi da narkewar abinci. Kashi biyu ne, kamar totur da birkin adaidaita sahu. Na farko shi ke zaburar da mutum idan kare ya biyo shi: zuciya ta hau dukan uku-uku, gumi ya karyo. Na biyu, wanda babbar jijiyarsa ake kira bagos, shi ke lafar da komai bayan haɗarin ya wuce.

Idan zuciya ta gaza tura isasshen jini, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana cikin haɗari, ta take totur ta ƙi ɗagawa, birkin kuma ya yi sanyi. Tun 1984 likitoci a Amurka suka nuna cewa masu wannan ciwo da sinadarin noradirinalin, wanda jijiyoyin totur ɗin ke fitarwa, ya fi yawa a jininsu sun fi shiga haɗari. To, jikin da ke cikin shirin gudu dare da rana, yaya mai shi ba zai ji faɗuwar gaba ba?

Amma ta yaya za a raba wannan da tunani? Ai Baba ya san yana da ciwo, ga shago, ga iyali. Nan ne ɓeraye suka yi rana. A ɗakin gwaji ana ɗaure wa ɓera jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini, bayan 'yan makonni zuciyar ta raunana. Sai a ɗora shi kan wani dandamali mai rassa huɗu da aka ɗaga sama, biyu masu bango, biyu a buɗe. Lafiyayyen ɓera yakan leƙo fili ya shinshina, ya koma, ya sake fitowa. A gwaje-gwaje da dama, mai raunin zuciyar laɓewa yake a lungu. Ko ruwan sukari, da ɓera ba ya wasa da shi, sai ya rage sha. Wannan ɓeran ba a gaya masa sakamakon gwaji ba, ba ya biyan hayar shago, ba wanda ke binsa bashi.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin da aka yi a Jami'ar Stanford a 2023. Lafiyayyun ƙananan ɓeraye ne, waɗanda zuciyarsu ke bugawa kusan sau 600 a minti ɗaya. Aka yi amfani da haske aka ingiza bugun zuwa 900, sai suka fara ɗari-ɗari da fili. Wato saƙon tsoro na iya tasowa daga ƙirji ya hau kai.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma ba na son a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa. Ɓeran da ya laɓe wataƙila gajiya ce kawai, shi ya sa masu bincike ke auna tsawon tafiyarsa. Haka kuma zaburar da jijiyar bagos da lantarki ya tsawaita ran ɓeraye masu raunin zuciya a wani gwaji na Japan a 2004, amma da aka gwada a mutane, sakamakon 2016 bai nuna raguwar mutuwa ba.

Mu dawo kan Baba. Farkawar nan ta dare ta fi damuna. Sau da yawa ruwa ne ke taruwa a huhu idan an kwanta, mutum ya tashi yana neman iska, a ce firgita ce. Ki lura: matashi nawa yake tarawa kafin ya iya barci? Yana tari? Ki faɗa wa likitansa, a auna nauyinsa, a yi masa gwajin bugun zuciya, don bugu marar tsari ma yana zuwa da faɗuwar gaba.

Idan cikin magungunansa akwai bisoprolol ko carvedilol, aikinsu ke nan, sassauta totur ɗin. Kada ya daina su rana ɗaya don ya ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya, ya yi hankali da goro da kofi, kuma kada a sayo masa maganin barci ko na mura a kemis ba da sanin likita ba. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana komawa asibiti. Idan numfashi ya gagare shi yana zaune, ko ƙirji ya riƙe, ko ya suma, kada a jira gari ya waye, a wuce da shi sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.