Gemu, ƙugu da takardar sallama: amsa ga wani sojan Amurka

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni Bahaushe ne, ina aikin soja a rundunar ƙasa ta Amurka, ɓangaren dakarun da ke shiga fagen daga da ƙafa, shekara huɗu da rabi ke nan. Ta hanyar aikin na samu zama ɗan ƙasa. Ina da takardar likita da ta ɗauke mini aske gemu saboda ƙurajen aski. A raina ina so in bar shi don sunna, amma ban taɓa nema a rubuce ba. Yanzu an ce takardar ba za ta wuce shekara ɗaya ba, kuma a awon ƙugu na ƙarshe da ƙyar na tsallake. Za su iya korata? In sun kore ni, ya makomar takarduna?

Amsa: Ɗan'uwa, eh, doka ta ba su damar sallamarka, amma ba dare ɗaya ba, kuma ba kowace sallama ce za ta taɓa takardunka ba. Abin da na fi jiye maka tsoro shi ne irin kalmar da za a rubuta a takardar sallamar, wato DD-214, mai nuna ko sallamar ta mutunci ce ko a'a, domin ita za ta bi ka har tsufa. Duk shawarar da zan ba ka a kan kare wannan kalma take.

Ranar 30 ga Satumba 2025 sakataren tsaron Amurka Pete Hegseth ya tara ɗaruruwan janar-janar a barikin Quantico da ke jihar Virginia, ya sanar da jerin umarni: gwajin ƙarfin jiki sau biyu a shekara ga kowane muƙami, awon tsayi da nauyi sau biyu, ma'auni guda na maza ga duk mai aikin yaƙi, da tsaurara batun gemu. Tun a watan Agusta ya riga ya sa hannu kan takardar da ta ce wanda ya shekara ana yi masa magani kuma bai iya komawa aski ba, kwamandansa ya fara shirin sallamarsa. Takardar Satumba ta ƙara da cewa a izinin gemu don addini za a koma yadda ake yi kafin 2010, lokacin da samunsa sai an sha wuya. Hujjarsu ita ce takunkumin kariya daga iskar guba, wanda suka ce ba ya manne wa fuska mai gashi. Kowace runduna tana fitar da nata tsarin aiwatarwa, don haka ka nemi na rundunar ƙasa a rubuce. Maganar sajan a fareti ba ita ce doka ba.

Batun gemunka hanyoyi biyu ne, kuma haɗa su shi ne kuskuren da ya fi yawa. Takardar likita rangwame ce daga hukumar soja, ita ta bayar, tana kuma iya taƙaitawa. Ƙurajen aski suna fitowa ne idan gashi mai murɗe ya lanƙwasa ya koma cikin fata bayan an aske shi ƙwal, shi ya sa suka fi damun baƙar fata. A ganina wannan ƙa'ida za ta fi faɗa wa baƙaƙe, kuma rashin adalci ne. Sai dai dokar hana wariya a wurin aiki ta 1964 ba ta shafi masu kaki ba, kuma tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Feres a 1950 soja ba ya iya kai gwamnati ƙara a kotu neman diyya kan cutarwar da ta taso daga aikinsa. Ta wannan ƙofa ƙararka ba ta da ƙarfi sosai.

Ƙofar addini daban take, domin majalisar dokoki ce ta kafa ta, kuma takardar sakatare ba ta soke dokar majalisa. Dokar kare 'yancin addini ta 1993, wato RFRA, ta ce idan gwamnati za ta takura wa ibadar mutum, sai ta nuna babbar buƙata da ba makawa, sannan ta nuna babu wata hanya mafi sauƙi ta biyan buƙatar, kuma a kan mutumin da ke gabanta za ta nuna haka, ba a kan sojoji jimla ba. Da wannan doka ce mabiya addinin Sikh suka yi nasara a kotunan tarayya, har rundunar ƙasa ta buɗe hanyar izinin gemu da rawani da hijabi a 2017. A Disamba 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta hana rundunar Marine, wani reshe na sojan Amurka, tilasta wa kuratan Sikh aski kafin su shiga horo. Amma ka lura, wannan hukunci a kan horon farko yake. Ga sojan ƙafa da za a iya turawa inda ake fargabar iskar guba, hujjar gwamnati ta fi nauyi, kuma ko an ba ka izini yana iya zuwa da sharaɗin a sauya maka aiki ko a hana tura ka fagen daga.

Ka shigar da buƙatar addinin yanzu, tun takardar likitan tana aiki. Dalili biyu ne. Na farko, soja yana ci gaba da bin ƙa'idar da ke ƙasa muddin ba a amsa buƙatarsa ba, kuma takardar likitan ce za ta rufe ka a wannan tsakani. Na biyu, abin da za a auna shi ne gaskiyar imaninka, kuma wanda ya jira saura mako biyu takardarsa ta ƙare sannan ya tuna da sunna, za a ce mafaka yake nema. Ka rubuta wa kwamandanka takarda mai kwanan wata, ka bayyana abin da ka yi imani da shi da bakinka, tun yaushe, da tsawon gemun da kake nema. Za a haɗa ka da malamin addini na bariki ya tattauna da kai ya rubuta rahoto. Ka haɗa wasiƙar limamin masallacin da kake sallah da ta mutum biyu da suka san ibadarka. Ba a buƙatar ka tabbatar da cewa malamai duka sun wajabta gemu, doka imaninka take dubawa. Kada ka ɓoye batun ƙurajen, faɗi shi da kanka ka kuma bayyana dalilin da ya sa ba ka nema tun farko ba. Ka nemi a gwada manne takunkumin a fuskarka, a rubuta sakamakon.

Akwai tarko a cikin maganin. Bayan man shafawa da sauya yadda ake aski, likita na iya ba da shawarar kashe tushen gashin da leza. Wannan yana rage gashi na dindindin, wato zai lalata gemun da kake neman izinin bari. Kana da damar ƙin wannan magani, amma ka sa a rubuta dalilinka a fayil ɗin asibiti, kuma ka halarci sauran ranakun ganin likita ba fashi, don kada a ce ka ƙi bin tsarin magani.

In an ƙi buƙatar kuma aka ba ka umarnin aski, kada ka ce ba za ka yi ba kafin ka ga lauya. Na san wannan magana tana da ɗaci. Amma ƙin bin umarni laifi ne a sashe na 92 na dokar shari'ar soja, kuma shi ke mayar da batun ƙa'ida ya zama batun rashin ɗa'a. A nan takardunka suke shigowa. Wanda ya zama ɗan ƙasa ta aikin soja, ana iya neman soke masa zama ɗan ƙasar idan aka sallame shi da sallamar da ba ta mutunci ba kafin ya cika shekara biyar yana aiki da mutunci. Kai saura wata shida. Sallamar mutunci cikakkiya ba ta jawo wannan, haka ma matsakaiciyar da ke bi mata. Amma matsakaiciyar tana cinye tallafin karatu na GI Bill, wanda sai mai cikakkiya yake samu. Hanyar da ta dace ita ce ɗaukaka buƙatar zuwa sama, da neman kotun tarayya ta dakatar da umarnin cikin gaggawa, kamar yadda aka yi a shari'o'in Sikh.

Batun ƙugu da gwaji ya fi sauƙin fahimta. Sabon awon yana raba faɗin ƙugu da tsayi, ana son sakamakon ya gaza 0.55. Mai tsayin inci 70 ke nan ƙugunsa kada ya kai inci 38.5, in ya kai sai a auna kitsen jikinsa. Wanda ya faɗi, ana sa wa fayil ɗinsa alamar da ke tsayar da ƙarin girma da kwas da sabunta kwantiragi, a saka shi shirin rage ƙiba na AR 600-9, wanda ya daɗe yana neman rage fam 3 zuwa 8 ko kashi 1 na kitse a wata. Ka nemi gwajin likita tun farko, domin ciwon maƙoƙo ko wasu magunguna suna sa ƙiba, kuma hakan yana sauya lissafi. In ka ga kuskure a awo, ka faɗa nan take a sake. Gwajin ƙarfin da ya fara aiki a Yuni 2025 yana da sassa biyar, ciki har da gudun mil biyu, kuma a aikinka ana neman maki 350 jimla, 60 a kowane sashe, daga Janairu 2026. Wanda ya samu 300 bai kai 350 ba, sauya masa aiki ake dubawa. Faɗuwa sau biyu a jere ce ke buɗe ƙofar sallama. In gwajin zai faɗo cikin azumi, ka roƙi a matsar da ranar tun da wuri, a rubuce.

Ranar da aka miƙa maka takardar sanarwar sallama, abin da kawai za ka sa wa hannu shi ne shaidar ka karɓa. Ka tafi ofishin lauyoyin kare sojoji na TDS, kyauta ne, kuma ba sa ƙarƙashin kwamandanka. Kwanakin amsawa kaɗan ne, kuma shiru daidai yake da yafe haƙƙi. Tunda ba ka kai shekara shida ba, ba ka da haƙƙin zama gaban kwamitin sauraro sai idan sallamar da ba ta mutunci ba ake nema, kuma kuɗin sallamar dole ma sai mai shekara shida. Saboda haka rubutacciyar amsarka ita ce duk kariyarka: rahotannin aikinka, lambobin yabo, takardun asibiti, kwafin buƙatar addini, da wasiƙun manyanka. Ka duba kwantiraginka ko akwai garaɓasar sa hannu da za a ce ka mayar da wani ɓangarenta.

In kwamanda ya zalunce ka, sashe na 138 na dokar shari'ar soja ya ba ka damar fara neman gyara daga gare shi a rubuce, in ya ƙi ka kai ƙorafi sama da shi cikin kwana 90. Rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarka ma haƙƙinka ne, doka ta hana a rama maka. Bayan sallama kuma, hukumar duba sallama tana karɓar fom DD-293 har shekara 15, hukumar gyara bayanan soja tana karɓar DD-149 cikin shekara uku. Ƙurajen da tabonsu ka tabbatar an rubuta su a gwajin lafiyar fita, domin da shi za ka nemi haƙƙinka a ma'aikatar tsofaffin sojoji.