Tambaya da Amsa: Cike Gurbin Cikin Fili a Besbol da Kuɗi Kaɗan

Tambaya: Malam, ƙungiyar da nake goyon baya a babbar gasar besbol ta Amurka ta rasa mai tsaron tasha ta uku (ɗaya daga tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki), kuma shugabanninta sun ce za su raba gurbin tsakanin 'yan wasa biyu masu araha maimakon sayen tauraro. Shin wannan dabara ce ko rowa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Dabara ce tsohuwa, kodayake marowata ma suna fakewa da ita. Tushenta shi ne mai bugu ya fi ganin ƙwallo da kyau idan mai jifa yana amfani da hannun da ya saɓa wa nasa, don haka ake sa bahagon mai bugu ya fuskanci mai jifa da hannun dama, a ajiye mai bugu da hannun dama domin ranar da bahago zai yi jifa. Koci Casey Stengel ya yi wannan karɓa-karɓa a New York Yankees, inda Bobby Brown da Billy Johnson suka raba tasha ta uku a farkon shekarun da ƙungiyar ta ci kofin zakarun gasar, wato World Series, sau biyar a jere, daga 1949 zuwa 1953.

Sai dai rabon ba ya zuwa daidai. Mafi yawan masu jifa da dama suke yi, saboda haka bahagon ne zai buga kaso mafi tsoka na wasanni 162 na kaka, kuma a kansa ya kamata ka sa ido. Samunsa ma aiki ne, domin a tasha ta biyu da ta uku da gurbin da ke tsakaninsu ana bukatar mai jefa ƙwallo da dama, ka ga ke nan ana neman wanda yake bugu da hagu amma yana jifa da dama. Akwai kuma tsadar da ba ta kuɗi ba: 'yan wasa 26 ƙungiya ke riƙewa, galibi 13 masu jifa ne, kuma bayan tara da ke cikin jerin bugu, huɗu kacal ke saura a benci, ɗayansu mai kama ƙwallo na ko-ta-kwana. Duk gurbin da aka raba ya cinye kujera ɗaya a cikinsu.

Game da sayayya mai araha, tarihi yana bayan shugabanninku. Da Jason Giambi, mai tsaron tasha ta ɗaya na ƙungiyar Oakland, ya koma Yankees kan dala miliyan 120, Oakland ta ɗauko Scott Hatteberg kan ƙasa da dala miliyan ɗaya, ta koya masa tsaron tasha ta ɗaya, ta kuma ci wasanni 103 a 2002. Justin Turner ya shiga Los Angeles Dodgers a 2014 da kwantiragin ƙaramar gasa bayan New York Mets ta sallame shi, ya zama mai tsaron tasha ta uku na shekaru. Amma waɗanda suka dace ake tunawa. Da yawa ana sallamarsu tun a atisayen share fage.

A ganina, a tasha ta ɗaya da ta uku karɓa-karɓa tana biya, muddin duka biyun sun iya tsaro. Da gurbin tsakanin tasha ta biyu da ta uku ne, da na ce a saki kuɗi, musamman tun 2023 da aka wajabta tsayar da mutum biyu a kowane gefen tasha ta biyu, wanda ya sa ba a iya tara masu tsaro a gefe ɗaya don rufa wa mai nauyin ƙafa asiri.