Ƙaramar kyamara sabuwa, ko babbar da za ta cinye jarin duka?

Filin tambaya da amsa a kan sana'ar hoto

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina ɗaukar hoto da waya a bukukuwan dangi da na ƙawaye, har an fara kirana wurin kamu da wuni da suna, musamman gidajen da ba sa son namiji ya shiga cikin mata. Yanzu na kwashi adashi, mahaifiyata ta cika mini, ina so in sayi kyamara. Mai shago ya nuna mini guda biyu. Akwai Canon 2000D sabuwa a kwali da lensinta 18-55, wadda in na saya zan sami ragowar kuɗi mai kauri. Akwai kuma Canon 90D, wadda in na biya kuɗin bodinta, wato jikin kyamarar ba tare da lensi ba, da ƙyar zan iya ƙara wannan lensin na 18-55, shi ke nan kuɗi sun ƙare. Yayana ya ce in sayi babbar, wai masu biki kyamara suke fara kallo kafin su kalli hoto. Wacce zan ɗauka?

Mai karatu daga Gwammaja

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya albarka a wannan niyya, ya saka wa mahaifiyarki da alheri. Kin hango gurbi mai kyau, domin gidajen da suka fi son mace ta ɗauki matansu suna da yawa a garin nan, ciki da wajen ganuwa.

Kada ki sayi 90D da wannan kuɗin. Ba aibu gare ta ba. Ta fito a 2019, tana da megafiksel 32.5 (ma'aunin yawan ɗigogin da ke haɗa hoto), tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa ɗaya, kyamara ce ta a zo a gani. Sai dai aikinki ba gudu yake nema ba, haske yake nema, shi kuwa haske lensi da filasha ne ke kawo shi, ba bodi ba.

Ki tuna irin wuraren da kike shiga. Amarya tana zaune a ƙuryar ɗaki, an lulluɓe ta da mayafi, kai a sunkuye, ƙawaye sun cika ɗakin sun tare taga, ƙwan lantarki ɗaya ne a sama, shi ma in an yi sa'a akwai wuta. Ko kuma tsakar gida da la'asar sakaliya, rumfa ta tare ɗan sauran hasken da ya rage. Lensin 18-55 da ke zuwa cikin kwali, idan kika zuƙo shi zuwa 55, ƙofar da haske ke shiga tana tsukewa zuwa f/5.6. Lensin 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kasuwa, yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. Ki ɗora 18-55 a kan 90D, ki ɗora 50mm a kan 2000D, ki shiga ɗakin nan da su biyun. Ƙaramar ce za ta fito miki da zanen lallen hannun amarya tar, har da duwatsun leshi, babbar kuma ta ba ki hoto mai yashi-yashi, ko wanda hannu ya girgiza. Sayen 90D a halin da kike ciki daidai yake da telan da ya zuba jarinsa kaf a keke, bai bar na zare da allura ba.

Megafiksel ma kada ya ruɗe ki, don shi masu shago suka fi ɗaga murya a kai. Megafiksel 24 ɗin da 2000D ke da su sun isa albam, sun isa babban hoton bango da ake ratayawa a falo. Mafi yawan hotunanki ma a WhatsApp da Instagram za su ƙare, inda ake matse su kafin kowa ya gani.

Amma kada in bar ki da tunanin cewa manyan kyamarori kuɗin banza ne. Akwai abin da ake biya a cikinsu, kuma ranar aiki ake ganinsa.

Na farko shi ne hannu. Ƙaramar kyamara abin murzawa ɗaya gare ta. In kina so ki canja faɗin ƙofar haske, sai kin danne wani maɓalli da babban yatsa sannan ki murza. Babbar kuwa biyu gare ta, ɗaya na saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in an danna hoto, ɗaya na ƙofar haske, ga ƙaramin allo a sama da ke nuna miki saitinki da kallo ɗaya. A gida kina zaune ba za ki ga amfanin wannan ba. Sai ranar da aka fito da amarya daga ɗaki mai duhu zuwa tsakar gida mai rana, uwarta ta rungume ta suna kuka, ke kuma kina can kina laluben maɓalli. Wannan rungumar ba a maimaita ta. Haka nan wuraren saiti, wato ɗigogin da kyamara ke kama abin da ake ɗauka da su don ya fito tar: 2000D tana da 9, kuma na tsakiyar ne kaɗai ake dogara da shi in haske ya yi ƙasa, 90D kuwa tana da 45. Batir ma haka, ƙiyasin kamfani shi ne hoto kimanin 500 a caji ɗaya ga 2000D, 90D kuma kimanin 1,300. Sannan an toshe mahaɗan jikin manyan da roba saboda ƙura da yayyafi, abin da duk wanda ya yi aiki a hunturun Kano ya san darajarsa.

Abin da na fi damuwa da shi, shi ne gidan memori. Katin memori yana mutuwa ba sallama. Na ga abokin sana'a da katinsa ya ƙi buɗewa bayan ɗaurin aure da walima, ya bi masu gyara har ya gaji, ƙarshe ya je gidan da kansa ya ba da haƙuri ya mayar da kuɗi. Kuɗin sun koma, amma hoton ango da kakansa a ranar bai dawo ba, tsohon kuma bai ƙara shekara ba. Kyamara mai gidan memori biyu tana rubuta kowane hoto a katuna biyun lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. To abin da mai shagon bai gaya miki ba, 90D da duk tsadarta gida ɗaya gare ta, daidai da 2000D.

Saboda haka shawarata tana hanya ta uku, wadda ba a nuna miki ba: babbar kyamara ta hannu, mai tsafta. Da 'yar cikina ce ke tambaya, Nikon D7200 zan ce ta nema. Ta fito a 2015, megafiksel 24 gare ta, wuraren saiti 51, abin murzawa biyu, gidan memori biyu, batir mai kai hoto sama da 1,000. Ki haɗa ta da lensin Nikon 35mm f/1.8, wanda ya fi 50mm dacewa da ɗakunanmu, domin 50mm a kan irin waɗannan kyamarori yana matso da mutum sosai, sai ki ga kin jingina da bango amma har yanzu ƙawayen amarya ba su shiga duka ba. In kuma waɗanda za ki riƙa aron lensi da batir a wurinsu 'yan Canon ne, wannan dalili ne mai ƙarfi na ki zauna a Canon. A nan sai ki duba 7D Mark II ta 2014, mai gida biyu, ko 80D ta 2016, mai gida ɗaya amma mai daɗin bidiyo. Lensin Sigma ko Tamron 17-50 f/2.8 ana samunsa na kowane ɓangare, kuma shi kaɗai zai iya riƙe miki biki daga farko har ƙarshe.

Sayen ta hannu yana da sharaɗi, kada ki je ke kaɗai. Ki tafi da wanda ya san kyamara, ki tafi da katinki na memori. A duba yawan hoton da shota ta taɓa ɗauka. Nikon tana rubuta wannan adadi a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa sai an jona ta da kwamfuta. An gina shotar D7200 a kan hoto 150,000, don haka wadda ta haura 100,000 ta sha aiki, sai dai in farashinta ya sauka ƙwarai. Ki saita f/16 ki ɗauki farin bango ko sararin sama, ki buɗe hoton a kwamfuta, duk ƙurar da ta kwanta a kan sensa, wato ɗan faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara, za ta fito ɗigo-ɗigo. Ƙura ana gogewa, karce ne ba ya fita. Ki cire lensin ki haska fitilar waya ta cikinsa, in kin ga wani abu kamar yanar gizo-gizo ya bazu a jikin gilashin, fumfuna ce, ki ajiye shi. Ki gwada gidajen memori biyun, ki murza duk abin da ke murzuwa. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji, ki yi masa sallama ki wuce.

In ba ki sami mai raka ki ba, ko hankalinki bai kwanta da kayan hannu ba, ki sayi 2000D ɗin da zuciya ɗaya, ba abin kunya ba ce. Abu ɗaya kawai za ki duba kafin ki biya: ki leƙa gurbin da ake zura filasha a samanta. Da yawa daga cikin 2000D sun fito babu babban ɗigon ƙarfen nan na tsakiya, kuma in babu shi, filasha masu araha da yawa ba za su tashi ba. Ki sa a ɗora filashar da za ki saya a gabanki, a danna ki ga ta haska.

Ko wacce kika ɗauka, ragowar kuɗin ga inda za su tafi: lensi mai haske, filasha mai juya kai, batir na biyu, katunan memori na asali daga wurin wanda kika yarda da shi domin jabu sun yi yawa, jaka mai rufewa ruf, da abin hura iska na goge ƙura. Filashar nan kada ki harba ta kai tsaye a fuskar amarya, hodar da aka shafa mata za ta yi fari fat, goshi ya yi ƙyalli. Ki ɗaga kanta ta kalli silin, in fari ne hasken zai sauko a hankali ya baje, fatar ta fito da launinta na gaskiya. Wannan dabarar kaɗai za ta raba hotonki da na waya fiye da duk wani bodi.

Maganar yayanki akwai ƙamshin gaskiya a ciki, mutane suna kallon kayan aiki. Amma da zarar kin ɗora filasha a sama kin sa wa lensi hularsa, babu wata gwaggon amarya da za ta bambance 2000D da 90D. Abin da za ta riƙe shi ne kin kawo hotuna ranar da kika ce, kuma ba ta ga 'yarta a Instagram ba tare da an nemi izininta ba. A irin gidajen da ke kiranki, wannan shi ne zai sa a miƙa lambarki ga gida na gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da Nikon D3500 da lensi 70-300. Sha'awata ɗaukar dawakai a hawan sallah, wani lokaci kuma ƙwallo a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Matsalata idan mahaya suka yo sukuwa, rabin hotunan ba sa kama doki, sai su kama jama'ar da ke baya. Laifina ne ko na kyamara?

Mai karatu daga Yakasai

AMSA: Barka kadai, ɗana. Kai kam amsarka ta sha bamban da ta 'yar'uwarka ta sama, domin kai haske ya wadace ka, gudu ne ba ka da shi. D3500 kyamara ce mai kyawun hoto da ƙarfin batir, amma wuraren saitinta 11 ne, suna nesa da juna, kuma hoto 5 take ɗauka a daƙiƙa. Dokin da ya taso daga nesa yana nufo Ƙofar Kudu a Hawan Daushe, in ya zame daga wurin saiti ɗaya kafin ya faɗa na gaba, kyamara sai ta koma kan abin da ke tsaye, wato jama'a.

Kafin ka kashe kuɗi, gwada wannan. Ka mayar da saiti kan AF-C don ya riƙa bin abin da ke motsi, ka zaɓi wurin saiti na tsakiya ka ɗora shi a ƙirjin doki, saurin shota kada ya gaza 1/1000, ka fara bin mahayin tun yana nesa kafin ka danna. Ka je inda ake kilisa da yamma ka yi ta gwaji, kada ka jira sai ranar sallah. Za ka ga canji.

In ka yi haka kuma har yanzu jahi na kuɓuce maka, to ka kai iyakar kyamarar, kuma a nan babbar ta cancanci kuɗinta. D7500 ta 2017 tana da wuraren saiti 51 da hoto 8 a daƙiƙa. D500 ta 2016 tana da 153 da hoto 10, an yi ta ne musamman don irin wannan aiki. Duka biyun za su karɓi lensinka, don haka bodi kaɗai za ka nema. Tun da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, hoto mai kyau na hawa abu ne da ya kamata 'yan gari su riƙa ajiyewa da kansu, kada kullum sai na baƙi.

Ka kiyaye ƙura. D3500 ba ta da abin da ke kakkaɓe sensa da kansa kamar manyan, kuma ƙurar da kofaton dawakai ke tayarwa tana shiga ko'ina. Ka ɗaura lensinka tun daga gida, kada ka cire shi a fili ko da wasa. In ka dawo, ka fara hure jikin kyamarar da abin hura iska kafin ka sa tsumma, in ba haka ba yashin ne zai karce maka gilashi.